Tawakkali da Darajojin Sababi: Ƙwayoyin Probiotic Kafin Ɗaukar Ciki

Tambayar ko shirya jikin mace tun kafin ta samu juna biyu ya saɓa wa tawakkali, wato dogaro ga Allah, tsohuwa ce, amma ta sake tasowa da shigowar ƙwayoyin da ake kira probiotic. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma sun bayyana su a 2001 da cewa ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ke amfanar jiki idan an sha su gwargwadon da ya isa. A Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, dangin waɗannan halittu ba baƙi ba ne, domin su ne ke mayar da madara nono a ƙwaryar Bafillatana, su ne kuma ke sa gasarar koko ta yi tsami.

Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba sabuban kawar da cuta gida uku a cikin Ihya'u Ulumiddin. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishi, wanda barinsa ba tawakkali ba ne. Akwai na rinjayen zato, kamar ƙaho da magungunan likitoci, wanda amfani da shi ba ya rushe tawakkali. Sai na wahami, wato wanda amfaninsa tsammani ne kawai, kamar lalas, wanda barinsa ya fi dacewa da mai dogaro ga Allah. Wannan rabon ya ɗauke muhawarar daga batun halaccin shiri, ya mayar da ita kan nauyin hujjar kowane sababi.

Bisa wannan ma'auni, sinadarin folik asid hujjarsa ƙaƙƙarfa ce, domin babban gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 1991 ya nuna yana rage nakasar ƙwaƙwalwa da lakar jariri ƙwarai, kuma tun da wannan sashe yana rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mata da dama ba su ma san sun ɗauka ba, shawarar likitoci ita ce a fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin. Ƙwayoyin probiotic ba su kai wannan matsayi ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2021 bai tabbatar da cewa suna hana ciwon sukari na masu ciki ba, hasali ma ya gano ƙaruwar hawan jinin da kan kai ga jijjiga. Gidan da ya bar folik asid da sunan tawakkali, ya sayi probiotic saboda talla, ya juya tsarin Al-Ghazali, kuma abin damuwa shi ne mace da jaririnta ne ke ɗaukar sakamakon.

Al'adar golmo ta Dakarkari, wadda saurayi kan shafe shekaru yana noma wa surukinsa kafin a ba shi mata, shaida ce cewa ƙasar Zuru ba ta ɗauki dogon shiri a matsayin raunin imani ba. Don haka haƙƙin ciyarwa da ke kan miji ya kamata ya haɗa da kai matarsa asibiti a auna jininta kafin ciki. Nono kuwa abinci ne mai gina jiki, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara kan ɗauko tarin fuka da cutar bakkale daga shanu.