Ƙarfin Aro

In ka iya karatu, ka karanta wannan 'yar takarda a fili da dare bayan an ci tuwo, domin waɗanda ba su iya ba su ma su ji. Ni ba likita ba ne. Karatuna bai wuce firamaren mishan ba. Manomi ne ni kamarka, dattijo kuma a ikkilisiyar ƙauyenmu. Abin da na rubuta a nan, rabi a gidana na gan shi, rabi kuwa masu aikin likita suka koya mini sa'ad da wahala ta kai ni wurinsu.

Ka san yadda bashin damina ya ke. Rumbu ya ƙare ana tsakiyar noma, mutum ya je wurin mai hali ya karɓi dame ɗaya, da kaka ya biya biyu. Ran da ya karɓo, gida ya yi murna, aka daka aka sha fura. Amma baɗi rumbunsa zai ƙare tun da wuri, sai ya ci bashin biyu ya biya huɗu. A kwana a tashi, gonar ma ta fita hannunsa.

To, wani bashi irin wannan ya shigo ƙauyukanmu. Ba da tiya a ke auna shi ba. Ƙwaya ce 'yar ƙarama, ana sayar da ita a kan tebur, da bisa keke ran kasuwa, da kusa da mai shayi. Samari suna ce da ita tramol. Suna cewa tana ba da ƙarfi. Ƙarfin aro ne, da ruwa kuma a ke biyansa.

Abin da ya faru a gidana

Ƙanena ya rasu ya bar mini ɗa, ni na riƙe shi. Yana da shekara 19 aka yi wata damina da ya ba kowa mamaki. Tun asuba ya ke kama hauya har la'asar, ba ya ko juyowa wajen ƙwaryar fura. In ya gama tamu, sai ya wuce ƙwadago gonar wani. Mutane suna ce mini, "Dattijo, ka yi dacen ɗa." Ni kuwa ina jin daɗi. Har a majami'a na taɓa ba da misali da shi, ina tsauta wa sauran samari a kan ƙyuya. Ban taɓa tambayar kaina ba, ina yaron da ba ya cin abinci ya ke samun wannan ƙarfi? Wannan laifina ne, na kuwa furta shi a gaban Allah.

Da kaka ya fara ramewa. Magana kaɗan sai fushi. Kuɗin wake ya ɓace a ɗaki, akuyar matata kuma aka neme ta aka rasa. Ran nan a masussuka ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa a baki, har ya ciji harshensa. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sammu. Sai wani abokinsa ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ba iska ba ce. Ƙwaya ce. Shida ya ke sha a yini."

Mece ce wannan ƙwaya?

Sunanta na ainihi tramadol. A ƙasar Jamus aka fara yin ta, aka kuma fara sayar da ita a 1977. Maganin zafin ciwo ce, dangin mofin, wanda a ke ba mutumin da aka yi wa aiki a asibiti ko wanda ya karye. A hannun likita abu ne mai amfani, muna gode wa Allah dominsa. Ƙwayar da likita ya saba bayarwa miligiram 50 ce, ba ya kuwa yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini guda. Amma ta kan tebur, akwai mai 120, da mai 200, da mai 225. Ka yi lissafi da kanka: biyu masu 225 sun riga sun zarce iyakar likita. Yaronmu shida ya ke sha.

Yawancinta daga ƙasar Indiya a ke kawo ta. A 2018 gwamnatin Indiya ta sa ta cikin magungunan da a ke tsarewa da doka. Sai masu neman riba suka juya ga wata ƙwaya da ta fi ta haɗari, wadda aka gauraya magani biyu a ciki, har Indiya ta hana yin wannan ma a 2025. Saboda haka kada ka ce, "Ai wadda ɗana ya ke sha ba tramol ba ce." Suna da launi suna sākewa, tarkon kuwa ɗaya ne.

Ga abin da ya kamata ka gane. Ƙwayar ba abinci ba ce, ba ta ƙara wa jiki kome. Gajiya da yunwa da ciwo 'yan aike ne da Allah ya sa a jikin mutum, su gaya masa ya huta, ya ci, ya nemi magani. Ƙwayar tana toshe bakin 'yan aiken ne kawai. Jiki yana ƙarewa, mai shi bai sani ba. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Daga nan ba domin ƙarfi ya ke sha ba kuma, domin ya iya tashi daga tabarma ne. In ta yi yawa takan kā da mutum kamar mai farfaɗiya. Takan kuma rage numfashi har ya tsaya, tun ba in an haɗa ta da giya ko ƙwayar barci ba. Mace mai ciki in ta saba da ita, jaririn ma da wahalar a ke haihuwarsa.

Kuskurena na biyu

Da na ji gaskiya sai kunya da fushi suka kama ni. Na ce ɗan gidan dattijo? Na doke shi, na kulle shi a ɗaki, na ce ba mai jin wannan magana a waje. Kafin gari ya waye ya fara zufa da hamma da majina. Kashegari zawo da ciwon gaɓoɓi, ba barci, yana kuka kamar yaro. A dare na uku ya ɓalle ƙofa ya gudu. Ya sha abin da ya samu, ya sāke faɗuwa a bakin hanya. Masu amalanke suka kawo mini shi. A daren nan na gane dūka da kulle ba su warkar da kowa. Sunana na ke tsaro, ba ran yaron ba.

Maganin da Allah ya ba mai gajiya

Ka buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Annabi Iliya ya yi babban aiki a Dutsen Karmel, sa'an nan ya gudu daga Yezebel. Ya yi tafiyar yini guda a jeji, ƙarfinsa ya ƙare, har ya roƙi mutuwa. Me Allah ya yi masa? Bai fara da tsautawa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga waina a kan garwashi, ga butar ruwa. Ya ci ya sha, ya koma barci. Aka sāke tashinsa ya ci. Da ƙarfin wannan abinci ya yi tafiyar kwana arba'in.

Ka gani? Abinci da ruwa da barci, su ne Mahalicci ya shirya wa jikin da ya gaji. Ya kuma ba mu rana ɗaya cikin bakwai ta hutu, har sa da jaki ya sa a cikin dokar. Mu kuwa yau har shanun noma waɗansu ke ba ƙwaya. Wanda ya ce sai ya yi aikin mutum uku shi kaɗai, ya ƙi ma'aunin da Allah ya yanka masa. Mu iyaye kuma da mu ke yabon irin wannan aiki, muna karɓar kuɗin ƙwadago ba tambaya, da hannunmu a ciki. Na san talauci gaskiya ne, damina kuma gajera ce. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Gonar da aka nome da ƙwaya, kuɗin amfaninta wurin mai tebur ya ke komawa.

Mutum huɗu da tabarma

Yanzu ka duba Bishara ta hannun Markus, sura 2. A Kafarnahum akwai wani shanyayye da ba ya iya kai kansa wurin Yesu. Mutum huɗu suka ɗauke shi. Da suka iske ƙofa a cike, ba su koma gida ba, suka buɗe rufin ɗakin suka zura shi. Yesu ya dubi bangaskiyarsu, ya gafarta zunuban mutumin, sa'an nan ya warkar da jikinsa. Duka biyu ya yi.

Wanda ƙwaya ta kama haka ya ke. Akwai zunubi a ciki, gama akwai ƙarya da sata da ɓata jikin da Allah ya ba shi amana. Akwai ciwo kuma, ciwo na gaske. Yana bukatar gafara, yana bukatar magani, da wuya kuwa ya kai kansa. Tabarmar kusurwa huɗu gare ta.

Ta fari, gaskiya. Ka daina ɓoyewa. Ka zauna da shi a lokacin da hankalinsa ya ke kwance, ka ce, "Ɗana, na sani, ban kuwa yashe ka ba." Ka tambaye shi nawa ya ke sha, tun yaushe.

Ta biyu, likita. Ka kai shi gidan likita mafi kusa, ka tafi da kwalin ƙwayar, ka faɗi adadin ba ragi. Wanda ya daɗe yana sha da yawa ba a yanke masa rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa kaɗan kaɗan. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibiti, wurin masu duba ciwon ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba hauka ba ne. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti. Luka da ya rubuta Bishara shi kansa likita ne.

Ta uku, gida. Makon fari shi ya fi zafi, rashin barci da baƙin rai kuwa sukan daɗe fiye da haka. Ke uwa, ki dama masa fura da kunu, ki ba shi ruwa da yawa. Kada a bar kuɗi a hannunsa tukuna. Kada a bar shi shi kaɗai da dare. A ba shi aiki daidai ƙarfinsa.

Ta huɗu, ikkilisiya. Ya rabu da abokan ƙwaya, to, wa zai zauna da shi? In ya shigo majami'a muka matsa gefe, mai tebur ba zai matsa ba. Samarin ikkilisiya su je gonarsa gayya. Zumuntar mata su ziyarci uwar, gama ita ma tana ɗauke da kaya.

Abu biyu kuma ka riƙe, domin suna ceton rai. In mutum ya faɗi yana shure-shure, ka janye shi daga wuta da ruwa, ka kwantar da shi a gefensa, kada ka sa masa cokali ko ruwa a baki. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. In kuwa ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa yana ja da nisa, kada ku jira safiya, ku kai shi asibiti nan da nan. Na biyu, wanda ya bari ya kwana biyu, jikinsa ya manta da ƙwayar. In ya koma ya sha adadinsa na dā, tana iya kashe shi. Ka gaya masa wannan tun bai faɗi ba.

In kai ne

Wataƙila kai mai karatu, ƙwayar tana aljihunka yanzu. Ka yi alkawari sau goma za ka bari, ka kāsa. Kana cewa Allah ya gaji da kai. Ɗana, bai gaji ba. Bashin da ba ka iya biya, Yesu ya biya shi da jininsa a kan gicciye, ya kuma tashi daga matattu, yana da iko ya kwance ɗaurarre. Ba ya jiran ka tsabtace kanka tukuna. Ka zo yadda ka ke, ka bari 'yan'uwa su ɗauke ka.

Kai kuma mai tebur, in kana amsa sunan Almasihu, ka dubi 'ya'yan maƙwabtanka. Ka fid da wannan kaya daga cikin hajarka yau. Allah yana da wata hanyar ciyar da kai.

Yaronmu ya yi wata uku lafiya, ya tafi cin rani, ya sāke faɗuwa. Muka je muka ɗauko shi, muka koma wurin likita. Yanzu damina biyu ke nan bai taɓa ta ba. Nomansa bai kai na wancan lokaci ba. Da rana tsaka yakan zo inuwar gawo mu sha fura tare, ni kuwa na daina ba da misali da ƙarfin kowa.

In kana so, ka yi wannan addu'a:

Ya Ubangiji Yesu, na ci bashin da ya fi ƙarfina. Na yi maka zunubi, na cuci jikina da iyalina. Ka gafarta mini. Ka ba ni zuciyar faɗin gaskiya, ka ba ni masu taimako, ka riƙe ni yau, gobe kuma ka sāke riƙe ni. Amin.

Kada ka tsaya a nan. Kafin Lahadi mai zuwa ka sami fasto ko mai bishara ko wani dattijo da ka amince da shi, ka gaya masa, ku sa ranar zuwa wurin likita. In ka gama da wannan takarda, ka miƙa wa maƙwabcinka.