Batirin da ke cewa ya cika

Ranar kasuwa a Gazawa, ko Cadawa, ko Gidan Rumji, akwai wani tebur da ba a kasa haja a kansa, amma ba ya rabuwa da jama'a. Katako ne da aka kafa wa soket jere-jere, igiyoyin caji sun sarƙe da juna, wayoyi kwance, ta shafawa kusa da mai maɓalli, sabuwa kusa da wadda aka ɗaure da roba. Kowace an manna mata lamba, an miƙa wa mai ita irin lambar a guntun kwali. Can baya janareta na ruri, ko farantin sola na jingine yana fuskantar rana. Mutumin ƙauye ya iso da tasa da ta maƙwabcinsa da ta gwaggonsa, duk a mace, ya ajiye, ya shiga cinikin gero da wake. In la'asar ta yi ya dawo, ya biya 'yan dalolinsa, ya kwashe.

Dukan wannan hidima saboda batiri ake yin ta. Ɗan abu ne shafaffe a bayan waya, ba ya ƙara, ba ya haske, ba wanda ke fito da shi a majalisa don a yaba. A cikinsa akwai ɓangare biyu da siririn shamaki a tsakani, da ƙwayoyin wani ƙarfe marar nauyi da ake kira litiyom. In an jona caji, ƙwayoyin su tsallaka su taru a ɓangare guda. In ana kira ko kallon bidiyo, su komo ɗaya ɓangaren, kuma komowar nan ita ke ba waya wuta. Kamfanin Sony na Japan ya fara fitar da irin wannan batiri kasuwa a 1991. Masana ukun da suka share masa hanya kuwa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sai a 2019 aka ba su kyautar Nobel. Da yawa cikin baturan na ɗauke da wani ma'adini mai suna kobal, wanda mafi yawansa a Kwango ake haƙo shi. Ikon Allah sai kallo: abin da Ya binne ƙarƙashin ƙasar wasu, ga shi yau a aljihun mai tallar gyaɗa a Agye.

Kayan da aka ɗora wa ɗan abin nan ba kaɗan ba ne. Wayar salula ta fara aiki a Nijar a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga wannan shekara zuwa 2006, ta gano cewa inda sabis ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota zuwa Tasawa kafin ya ji nawa tiya, yanzu daga inuwar rumfarsa yake ji. Ɗan ci-rani a Kano ko Libiya ya aiko da kuɗin cefane, saƙo ya shigo wayar gida. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta danna, ta yi magana, jikanta ya ji muryarta a Agadas. Manomi ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci, ya tura wa malaman gona na RECA ta WhatsApp, amsa ta zo masa da murya, da Hausa. Amma da zarar jan layin nan na batiri ya bayyana a kusurwar waya, duk wannan ya tsaya cik.

Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin inda wuta ke fitowa, don babban layin da ya taso daga Katsina a garinsu yake sauka kafin a rarraba zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Manyan birane suka koma a kawo ta awa guda, a ɗauke awanni. Ma'aikaci mai waya biyu da kwamfuta ya shiga neman inda zai jona, wato ya bi sahun da na ƙauye ya daɗe a ciki. Har manyan na'urorin da ke bayan ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, ba su tsira daga wannan buƙata ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa rumbunan bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya a 2024, kuma abin zai ninka zuwa 2030.

To, amma abin lura yana cikin halin batirin kansa, kuma masu caji sun san shi ko ba su karanta ba.

Lafiyayyen batiri da sauri yake fara sha. Sai ya kai wajen kashi 80, sai ya sassauta, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, har mai wayar ya ƙosa. Da gangan aka tsara shi haka, don in aka ci gaba da ɗura masa da ƙarfi har ƙarshe zai yi zafi, ya kumbura, wani lokaci ma ya kama da wuta. Ashe gwargwadon abin da ya tara, gwargwadon hattarar da yake yi da abin da ke shigowa.

Tsohon batiri kuwa wani hali gare shi. Duk kai-da-komon da ƙwayoyin nan suka yi, sai wasu 'yan kaɗan sun maƙale a hanya, sun zama ɓawo, ba su ƙara motsi har abada. Ba a gani, ba a ji. Bayan caji ɗari biyar ko kusa da haka, abin da batirin ke iya ɗauka ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar, kuma zafin bazara irin na ƙasar Maraɗi, da ke haura digiri 40, yana ƙara gaggauta lalacewar. Duk da haka, in an jona shi, fuskar waya za ta nuna 100. Ba ta yi ƙarya ba. Ya cika, sai dai cikin ne ya ƙanƙance. Tamkar tafkin da yashi ya cike: ruwan dare ɗaya ya batse har ya yi ambaliya, kafin a gama girbi ya ƙafe. Shi ya sa mai caji ba ya murna da wayar da ta cika kafin mai ita ya gama gaisawa. Sai ya juya ta, ya ce, "Baba, batirin nan naka ya gaji, canji yake so." Dattijo ya ce ina, ai yanzun nan ya ga ɗari da idonsa.

Mutum ma da mudun kansa yake auna cikarsa. Wanda ya daina tambaya, ya daina zama gaban na gaba da shi, kowace shekara wani abu na maƙalewa a cikinsa: yabon da aka yi masa ya yarda, gyaran da aka yi masa ya ƙi, kunyar furta "ban sani ba". Wurin da sabon sani zai zauna yana raguwa, shi kuwa bai ji komai ba, don daga ciki kullum ɗari yake gani. Ba da niyyar yaudara yake magana ba, abin da ya sa gyara shi ke da wuya ke nan. Kuma wannan gajiya ba ta jiran furfura. Ga saurayi nan, ya saurari saƙon murya biyu a WhatsApp da hantsi, kafin azahar yana ba da fatawa, yana rubuta wa mai hawan jini magani, yana bayyana abin da manyan ƙasashe suka ƙulla a ɓoye. Alaramman da ya share shekaru yana tilawa kuwa, a jefa masa tambaya sai ya yi shiru tukuna, wani lokaci ya ce a ba shi zuwa gobe ya duba. Mai kallo daga nesa zai ɗauka saurayin ne cikakke.

Na'urorin da ke tafe sun gaji wannan hali, har sun fi mai shi. Manhajar ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da aka tara mata take koyo. Na Turanci da Faransanci ta sha ta ƙoshi, na Hausa kaɗan ta samu, labarin jigawar Agye da irin geron da ke yi a cikinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Amma a tambaye ta da Hausa, za ta amsa nan take, cikin lafazi mai daɗi, da muryar da take faɗin abin da ta sani da ita take faɗin abin da ta ƙaga. Ba jan layi a kusurwa, ba alamar cewa nan ne iyakarta. Ba da daɗewa ba irin waɗannan manhajoji za su zama ruwan dare a wayoyin ƙauye, su ji magana su mayar da magana, har wanda bai iya karatu ba ya yi hira da su. Amfaninsu zai yi yawa, musamman inda likita ɗaya ko malamin gona ɗaya ke ɗauke da garuruwa barkatai.

Saboda haka, manomin da zai tambaye ta maganin tsutsar zangarniyar gero ko na ƙwarin wake, ya tambaya, ba laifi. Amma kafin ya kwance bakin aljihu ya sayi magani, ya kai amsar gaban malamin gona na yankinsa, ko masanan noma na INRAN da ke Maraɗi, su duba masa.