Dutsen niƙa bai san sunan mai shi ba

Duk wanda ya taɓa noma a kufai ya san abin da hauya ke tonowa: tsingaro, gawayi, wani sa'in ɓarin dutsen niƙa. A karkarar Gangara, cikin Damargu, na taɓa tsintar irin wannan ɓari, na share ƙasar da ke jikinsa da bakin riga. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi sumul kamar cikin ƙwarya. Wata mace ta yi shekara da shekaru tana durƙuso a kansa. Wace ce ita? Geron gonar wa take niƙawa? Dutse ya yi gum.

Amma akwai dutsen da ke magana. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka akwai kufan wani birni, Gortin. A 1857 aka ga dutse mai rubutu a jikin bangon wani gidan niƙa. Magini ba ruwansa da karatu, dutse ya samu ya ɗora. A 1884 wani masani Ba'italiye, Halbherr, ya gano sauran a wurin. Ashe dokokin garin ne, layi wajen 600, an sassaƙa su tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Rubutun kansa abin kallo ne. Layi ya tashi daga dama ya nufi hagu, na bayansa ya juyo daga hagu zuwa dama, kamar mai saran shuka da sungumi in ya kai bakin gona.

Me mutanen Gortin suka ga ya cancanci wahalar sassaƙa? Abin da ke kai mu gaban maigari har gobe: aure, saki, bashi, gado. Matar da aka saka za ta fita da dukiyar da ta zo da ita, da rabin abin da ta saƙa a gidan. A rabon gado ɗa ya ɗauki kashi biyu, 'ya ta ɗauki ɗaya. Mutanen sun ƙare, an rushe bangon da aka sassaƙa dokokin a kai, an sake gini da duwatsunsa, amma maganar na nan.

Mu kuwa shaidarmu bishiyar aduwa ce da tsohon da ya ga ranar da aka yi iyaka. Aduwa a sare ta, tsoho ya riga mu gidan gaskiya. Kaka ya ba maƙwabci aron gona da fatar baki, don kunya da zumunci, jikoki su wayi gari wannan na cewa aro, wancan na cewa gado. Da ruwan shuka ya sauka sai a kwana ana rantse-rantse. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kuma tun 1993 Nijar ke da dokar filayen karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaidar saye, aro, kyauta ko jingina.

Na sani, takarda ba dutse ba ce, gara na cin ta. To, a naɗe ta a leda a sa cikin akwatin ƙarfe, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Ɗan'uwa, in akwai gonar da ka ara ko ka arar, ka ɗauki shaidunka ku je wurin maigari tun da rani, tun dattawan da suka san iyaka suna iya takawa su nuna.