Tulunan Maƙwabta: Darasi a Kan Adashi da Bashi

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Galatiyawa 6:1-5, Nehemiya 5:1-13.

A unguwar Bolari cikin birnin Gombe, kamar yadda ya ke a Pantami da Tudun Wada da Herwagana, da wuya a shiga gida ba a tarar da mai zubin adashi ba. Mai tuyan ƙosai tana zuba nata kowace yamma, tela da mai Keke Napep kowane mako, malamin makaranta kuwa sai ƙarshen wata. Da wannan mu ke biyan kuɗin haya da na makaranta, da shi kuma da yawa daga cikinmu suka fita daga bashin da ya hana su barci. Amma akwai wata tambaya wadda kowace ƙungiya ta kan gamu da ita, ko ba jima ko ba daɗe. Ana tsakiyar zagaye, sai ɗaya daga cikinmu ya kasa zubi. Waɗansu su ce a yafe masa, gama ɗan'uwa ne. Waɗansu su ce a matsa masa, gama alkawari kaya ne. Wace hanya ce ta gaskiya? Bari mu yi nazarin wannan tare, domin zumunci da yawa ya mutu a kansa.

1. Abin da adashi ya ke

Mu ɗauki misali. Mutum 10 suna zuba naira 10,000 kowane wata, ɗaya yana kwasar naira 100,000. Wanda ya kwasa a wata na fari naira 10,000 kaɗai ya zuba. Sauran 90,000 kuɗin 'yan'uwansa ne, sun ba shi rance babu ruwa, babu jingina, babu takarda. Wanda ya kwasa a wata na 10 kuwa, shi ne ya yi wata 9 yana ba waɗansu rance. Ashe dai adashi ajiya ce ga na baya, bashi ne ga na gaba. Mu kan ce muna gudun bashi ne shi ya sa muka shiga adashi, amma gaskiyar magana ita ce mun musanya bashin baƙo da bashin ɗan'uwa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi. Sa'anda kaya su ke ta tsada, kuɗin da aka kwasa a ƙarshe ba ya sayen abin da na fari ya saya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa zuwa watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta hau da kashi 34.8 cikin 100 a cikin shekara guda. Wanda ya yarda ya zama na ƙarshe a irin wannan shekara ya yi wa sauran kyauta, ko da ba wanda ya kira ta da wannan suna. Domin haka jerin kwasa ba ƙaramin al'amari ba ne. Kadan masu ƙarfi da masu baki su ne kullum a gaba, marasa ƙarfi a baya, to, matalauci ne ke ba mawadaci rance, mu kuwa muna kiran abin taimakon juna.

2. Gwauruwa da tulunan aro

Labarin da muka karanta a 2 Sarakuna na wata mace ce wadda mijinta, ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa, ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Abin da ya rage a gidan ɗan mai ne kaɗai. Elisha ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tuluna wofi masu yawa, ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyaya. Man bai tsaya ba sai da tuluna suka ƙare.

Mu kan yi maganar al'ajibin, daidai ne kuwa. Amma bari yau mu dubi maƙwabtan. Ba su biya mata bashin ba, wataƙila ma ba su da abin biya. Abin da ke hannunsu suka bayar, watau tulu wofi, abin da ba ya rage wa mai shi kome in ya kwana biyu a gidan wani. Duk da haka yawan man da ta samu ya tsaya ne a kan yawan tulunan da aka ba ta. Da maƙwabta sun yi rowa, da albarkar ta taƙaita. Haka yawancin taimakon da ke fid da mutum daga bashi ya ke. Wata ta bar wa 'yar'uwarta kwasar wannan wata, ta koma baya. Wani ya riƙa sayen gawayi wurin ɗan'uwansa maimakon wurin baƙo. Wata ta riƙe wa maƙwabciyarta yara domin ta sami zuwa kasuwar Tudun Hatsi da sassafe. Wani da ya iya lissafi ya zauna da wanda bai iya ba, su rubuta dukan abin da ake binsa, su shirya wanda za a fara biya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mafi talaucinmu.

Mu lura kuma da abu biyu. An rufe ƙofa. Wahalar matar ba ta zama abin kallo ba. Mu fa? Sau nawa labarin bashin wani ya kan fita daga taron adashi ya isa bakin famfo kafin mai shi ya isa gida? Na biyu, umurnin da annabin ya ba ta shi ne ta sayar da man, ta fara biyan bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura. Allah ya ji ƙanta, amma bai ce mai bin bashin ya yi hasara ba. Jinƙai ya buɗe mata hanyar biya.

3. Kaya iri biyu

Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, a aya ta 2 ya umurce mu mu taya juna ɗaukar nauyi, a aya ta 5 kuwa ya nuna kowane mutum yana da kayan da shi kansa zai ɗauka. Mai karatu da gaggawa zai ce maganar ta saɓa wa kanta. Amma a harshen Helenanci kalmomin biyu dabam su ke. Ɗaya tana nufin nauyin da ya danne mutum, ɗaya kuwa kayan da aka ɗora wa kowa gwargwadonsa. Manomi ya san wannan sarai. Sa'anda ciwo ya kwantar da shi a lokacin noma, a kan yi masa gayya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ba a yi wa lafiyayye gayya kowace shekara domin ya kwana a inuwa.

Zubin da mutum ya yi alkawarinsa kayansa ne. Gobara, da doguwar jinya, da mutuwar mai gida, da rasa aiki, waɗannan nauyi ne mai dannewa. Aikin ƙungiya shi ne ta rarrabe tsakanin biyun, ba kuwa za ta iya ba sai ta tashi ta je gidan mutumin ta gani da idonta. Zumunta a ƙafa ta ke.

4. Wa zai biya kuɗin jinƙai?

A nan ne maganar ta yi wuya. A ce mace ta kwashi naira 100,000 a wata na 2, ta biya kuɗin haya, a wata na 4 mijinta ya kwanta asibiti, jarinta ya tafi a magani. Zuciya ta ce a yafe mata. To, amma kuɗin wa za a yafe? Kowane zubin da ta rasa, daga kwasar wani za a cire shi. Mai yiwuwa wadda za ta karɓi 90,000 maimakon 100,000 ita ma gwauruwa ce, tana jiran kuɗin domin makarantar ɗanta a watan Satumba. Waɗanda suka riga suka kwashi nasu cikakke ba su da wahalar cewa a yi haƙuri, domin haƙurin ba daga aljihunsu zai fito ba. Kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce.

Masu cewa a matsa mata su ma suna da hujja. Suna tsoron kada sassauci ya zama ƙofa, gobe kowa ya kawo nasa dalili, adashin ya watse. Ba mu raina wannan tsoro ba, gama amana ce kaɗai jarin adashi. Amma matsin da zai tura mace wurin mai ba da rance da ruwa domin ta cika zubi ya rushe ainihin abin da aka kafa ƙungiyar dominsa.

Abin da mu ke gani daidai ke nan. Bashin yana nan, kada a shafe shi a ɓoye; amma nauyin jira a raba shi a kan kowa. Kadan mutum 9 suka ƙara ɗan abu a kan zubinsu, mai kwasa zai karɓi nasa cikakke, 'yar'uwar kuma ta biya su sannu a hankali sa'anda ta farfaɗo. Wanda ya ga yana da iko ya yafe nasa kason, sai ya yafe, wannan tsakaninsa da Allah ne. Ita ma tana da nata aiki: ta faɗi gaskiya tun da wuri, kada ta ɓuya, ta kawo ko kaɗan ne. Naira 1,000 a hannu tare da bayani ta fi alkawarin 10,000 daga bayan ƙofa.

Waɗansu sun riga mu shirya wa wannan rana. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, a shekarar 1991, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tare da taimakon ƙungiyar CARE, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A irin wannan tsari a kan ajiye kuɗi cikin akwati mai kwaɗo 3, mabuɗan suna hannun mutum 3 dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Banda ajiya kuma akwai ɗan asusu na dabam, wanda kowa ke jefa kaɗan a ciki domin ranar ciwo ko rasuwa. Kwaɗon nan ba zargi ba ne, kariya ce ga mai riƙon kuɗi da masu kuɗin duka. Asusun kuwa ya sa jinƙai ya zama abin da aka yi tanadinsa tun ana lafiya. Waɗanda suka tuna da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sa'anda masu gaskiya ma suka rasa abin zubi a hannu, sun san amfanin irin wannan shiri.

5. Taimako na ƙarya

Ba duk abin da ke ɗauke da sunan taimako ne taimako ba. A zamanin Nehemiya talakawa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi da harajin sarki, masu karɓa kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya ya tara jama'a, ya sa aka mayar musu. Kadan ɗan'uwa yana cikin matsi, muka ba shi 80,000 yau domin mu karɓi kwasarsa ta 100,000 gobe, mun yi abin da manyan nan suka yi, ko da mun kira shi agaji.

Mu tuna kuma da MMM, wadda ta kira kanta jama'ar taimakon juna, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, ta kuwa rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Da yawa sun shiga ne ta bakin aboki ko ɗan'uwa cikin ikkilisiya. Adashi na gaskiya ba ya haihuwa: abin da ka zuba shi za ka kwasa. Ribarsa ita ce horon kai, da lokaci, da mutanen da za su neme ka ranar da ba su gan ka ba.

Akwai kuma wanda ya kwasa ya ɓace da gangan, yana da abin biya amma ya ƙi. Wannan ba mai nauyi ba ne, mai cin amana ne. A yi masa magana a keɓe, in ya ƙi a tafi da shaidu, in ya ƙi a kai gaban dattawa. Za mu iya gafarta masa a zuciya ba tare da mun sāke danƙa masa kuɗin gwauraye ba.

Ya 'yan'uwa, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ke bi yau, gobe shi ake bi. Bari kowace ƙungiya a cikinmu ta zauna kafin zagaye mai zuwa, ta rubuta jerin kwasa a gaban kowa, ta sa mai bukata a gaba, ta kuma yanke abin da za a yi ranar da wani ya kasa, tun ba a san ko wane ne ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A adashin da mu ke ciki, yaya ake shirya jerin kwasa? Su wa ke zuwa ƙarshe kullum?
2. Wane “tulu wofi” ne ke gidanmu wanda za mu iya ara wa mai bashi a wannan mako?
3. Ta yaya za mu gane bambanci tsakanin wanda nauyi ya danne da wanda ya ƙi ɗaukar kayansa?
4. Akwai wanda ke binmu, muna kauce wa hanyarsa? Me zai hana mu je wurinsa kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka ba mu gaskiya cikin abin da ake binmu, da haƙuri cikin abin da mu ke bi. Ka tsare bakinmu daga tona asirin ɗan'uwa, ka buɗe hannunmu da abin da mu ke da shi. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.