Tawakkali da Wuƙar Likita

Tun da Erich Mühe, likitan Jamus, ya cire matsarmamar mutum ta ƙananan huji a shekarar 1985, bayan fiye da ƙarni ana tsaga ciki kamar yadda likita Langenbuch ya fara a 1882, aikin ya yi sauƙi ƙwarai: a hura wa ciki iska ya buɗe, a zura na'urar hange ta cibiya, a datse bututu da jijiya, a zaro jakar da tsakuwoyinta, galibi majinyaci ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma duk da haka haɗari bai gushe ba, domin kumburi yakan ɓoye hanya har a raunata babban bututun da ke kai ɗaci cikin hanji, lahanin da gyaransa ke da wuya.

To, idan haka ta auku, ƙaddara ce ko sakaci? Malaman fikihu sun bambanta tsakanin gwanin da aka yi wa izini, ya bi ƙa'idar sana'arsa, da jahilin da ya kutsa cikin abin da bai sani ba, wanda lamuni ya hau kansa. Saboda haka imani da ƙaddara ba ya kankare hisabi. Likitan da hanya ta shige masa duhu, ya haƙura da huji ya tsaga cikin, ya kiyaye amana. Majinyacin da ya binciki ƙwarewar likita kafin ya miƙa wuya kuwa, ya riƙi sababi, wanda tawakkali ba ya inganta sai da shi.