CI-MA-ZAUNE A CIKIN JAMA'A

Tun zamanin da 'yan Adam ke rayuwa da farauta, ƙarfinsu yana cikin haɗa kai, gama mutum guda ba ya ka da ɓauna. Amma kowane aikin gayya yana tare da cutarsa, watau mai noƙewa wajen wahala ya bayyana wajen rabo. In ci-ma-zaune ya ci riba, na kusa da shi zai yi koyi, har gayya ta watse. To, me ya hana zaman tare rushewa tun farko?

Wasu masana biyu, Ernst Fehr da Simon Gächter, sun jarraba al'amarin a ƙasar Suwizalan, suka bayyana sakamakon a 2002. Aka ba ɗalibai kuɗi, kowa ya zuba abin da ya ga dama cikin asusun tarayya, a ƙara a kai, a raba daidai har da wanda bai zuba ba. Da aka yi ta maimaitawa, sai gudummawa ta riƙa ja da baya. Amma da aka ba su ikon cin tarar marowaci, ko da yake mai cin tarar ma yana hasara daga aljihunsa, sai suka ci, gudummawa kuwa ta ƙaru.

Sai dai horo yana da ma'auni. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta lura cewa jama'ar da suka daɗe suna tarayya a makiyaya da ruwan ban-ruwa sukan fara da ƙaramar tara, sai mai laifi ya nace sa'an nan a tsananta.

Tarihin Musulunci ya riga ya nuna wannan. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Ka'abu ɗan Maliku da wasu sahabbai biyu suka zauna gida ba da wani uzuri ba, kuma suka faɗi gaskiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci a ƙaurace musu. Kwana 50 ba mai yi musu magana, kana Allah Ya karɓi tubarsu, jama'a suka taho suna yi musu bushara.

Ashe jama'ar da ta ƙyale ci-ma-zaune ta zalunci mai himma, wadda kuma ta rufe masa ƙofar tuba ta rasa ɗanta. Allah Ya sa a dace, amin.