Tsakanin Rowa da Tausayi

A wurin Bahaushe, ciyarwa ita ce babbar shaidar ƙauna. Baƙo sai ya sha ruwa ake tambayarsa labari, uwa kuwa da kumatun ɗanta ake auna ƙoƙarinta. Saboda haka babu zargin da ya kai na rowa ciwo a zuciyar uwa. Ni an yi mini shi, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a idon ɗan nawa zargin gaskiya ne.

Ɗan farina, wanda kunya ba za ta bar ni in ambaci sunansa ba, ya fara tumbuɗi kamar kowane jariri. Manya suka ce alamar ƙoshi ce, kuma suna da hujja, domin tumbuɗi yakan yawaita wajen wata 4, ya ɗauke wa mafi yawan yara kafin su kai wata 18. Nasa bai ɗauke ba. Ya shekara 2 yana farkawa tsakar dare da tari, yana banƙarewa, yana kuka har muryarsa ta dusashe. Likita ya bayyana mana cewa a inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ke tsukewa bayan abinci ya wuce. Tasa takan saki ba a lokacin da ya dace ba, sai abinci ya dawo sama tare da ruwan tsamin ciki, ya ƙona hanya. Ƙwannafin da babba ke kwatantawa da baki, shi yaron yake ɗauke da shi ba tare da kalmar da zai faɗa ba.

Aka ba mu maganin rage tsamin ciki, aka kafa mana sharuɗɗa: ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ya kwanta sai an sami sa'o'i 2 zuwa 3 bayan cin abinci, a yi kaffa-kaffa da maiƙo da yaji da lemon kwalba, ɗura kuwa a bar ta sam. Wata rana bayan isha kakarsa ta miƙa masa ƙosai mai zafi, na zare shi daga hannunsa kafin ya kai baki.

“Ke 'yar nan,” in ji ta, “maigidan nawa za ki kashe da yunwa?”

Na ce, “Inna, a yi haƙuri, cikin dare ne zai biya.”

Yaron ya dube ni da idon wanda aka zalunta, ya koma bayan zanen kakarsa.

To, a cikinmu wa ya tausaya masa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har na gane cewa tausayi iri biyu ne. Akwai wanda ke sauƙaƙa wa mai kallo, akwai wanda ke sauƙaƙa wa mai ciwo. Na farkon ba ya jure ganin hawaye, don haka yakan sayi shirun yanzu da azabar anjima. Na biyun yakan yarda a ƙi shi, muddin wanda yake ƙauna zai kwana lafiya. Tausayin Inna ya ƙare a lokacin da kuka ya tsaya. Nawa dole ya kai asuba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai zan yi ƙarya in na ce gaskiya duka tana hannuna. Yaron bai fahimci dalilina ba, bai kuma amince da hukuncina ba, ɓacin ran da hanin ya sa masa kuwa na gaske ne. Uwar da ta saba hanawa tana iya zama dogari ba ta sani ba. Na tsinci kaina ina ƙirga masa loma, ina daka masa tsawa kan gutsuren nama, har ya fara juya wa kwano baya. Yaron da abinci ya riga ya ƙona ba ya buƙatar wani sabon dalilin tsoronsa. A nan na gane Inna ma wani abu take karewa: daɗin ci, da sakewar yaro a gaban nasa.

Ashe ikon hanawa bashi ne. Wanda ya zare abu daga hannun yaro, wajibi ne ya sa wani a madadinsa, ya zauna da shi har kukan ya wuce, kada kuma ya jira godiya. Hanin da babu wannan biya a bayansa, rowa ce ko da likita ne ya rubuta shi.

Yanzu gidanmu kafin magariba ake cin tuwon dare, babba da yaro, don kada ya ga shi kaɗai aka ware. Waken da Inna take soya masa ƙosai, alale take turara masa da shi, mai kaɗan, babu yaji. In ya gama sai ta zaunar da shi a cinya tana masa tatsuniya, ba ta cewa ƙurunƙus sai abincin ya faɗa masa.